Kwana biyar a hanyar Asheville: ni direba, Dogo mai gida

Ni ba na shan giya, kuma saboda haka ne ma aka gayyace ni. Abokin aikina ya daɗe yana mafarkin zagaya ƙananan madafan giya da ke kan tsaunukan Bajiniya da Karolina ta Arewa, amma dokar Amurka ba ta wasa da wanda ya sha ya kama sitiyari: barasa ta kai kashi 0.08 cikin 100 a jini, sai ofishin 'yan sanda. Ya ce, "Mutumina, kai ka tuƙa, ni in ɗanɗana, mai kuma a kaina." Na ce na yarda, da sharaɗin karena Dogo zai bi mu, don ba ni da inda zan bar shi. A zatona sharaɗin nan ƙarami ne. Ashe shugaban tafiya na ɗauko ban sani ba.

Daga garin Front Royal na Bajiniya muka hau Skyline Drive, titin mil 105 da ya ratsa gandun Shenandoah, inda ba a wuce gudun mil 35 a awa. A ƙarshensa Blue Ridge Parkway ya karɓe mu, shi kuma mil 469 ne har yankin ƙabilar Cherokee a Karolina ta Arewa. A takarda mun tsara madafa uku kowace rana. Tun ranar farko Dogo ya soke wannan lissafi. Bayan kowace awa biyu sai ya fara kai-komo a kujerar baya yana ƙugi, dole a tsaya ya sha ruwa, ya yi fitsari, ya shinshina kowane kututture kamar mai karanta jarida. Na ɗaure shi da ɗamarar ƙirji da ke maƙale a bel ɗin kujera, ba ta wuya ba, don in aka taka birki da ƙarfi igiyar wuya shaƙe kare take yi. Wannan kaɗai na yi daidai tun daga gida. Kwanon ruwansa kuwa a kicin na manta shi, sai da muka yanke gindin robar lemo.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gane ma'anar "muna maraba da karnuka". Kowa da fassararsa. A wani wurin ana nufin kare ya shigo har gaban kanta, a ba shi biskit da aka yi da dusar sha'ir ɗin da ta rage bayan dahuwa. A wani kuma ana nufin can waje, kan benci, ko ana ruwa ko ana rana. Bambancin yawanci yana ga kicin: inda ake dafa abinci, dokar tsafta ta hana kare shiga ciki, in ba karen da aka horar don taimakon naƙasasshe ba. Shi ya sa za ka ga ƙananan madafai da yawa ba su da kicin, sai motar sayar da abinci a bakin ƙofa. Karolina ta Arewa ta gyara dokarta a 2019 don irin waɗannan wurare su iya barin karnuka su shiga, amma izini ne aka ba mai wurin, ba a tilasta masa ba. Wata rana mun yi tafiyar minti 40 daga babban titi saboda abin da muka karanta a intanet, muka iske an sauya tsari tun bara. Daga ranar na koma buga waya kafin mu tashi. Tambaya biyu kawai: ciki ko waje? In waje ne, akwai inuwa?

A wurin nan ne abokina ya ce, "Haba, mu bar shi a mota mana, minti goma ne, mu ɗan sauke gilashi." Na ce a'a. Likitocin dabbobi sun daɗe suna gargaɗi cewa cikin minti 10 zafin cikin mota na iya ƙaruwa da kusan digiri 11 a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗan buɗe gilashi ba ya hana komai. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Abokina ya shiga shi kaɗai, ni da Dogo muka zauna gindin bishiya muna kallon shanu. Ban ji na yi asara ba.

Tsoron gaske a rana ta uku ya zo. Wata madafa ce a gona, mai fili shimfiɗe, har suna noma nasu furen hofs, wanda shi ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Na sassauta igiya ina hira, ban ankara ba sai na ga Dogo ya tura hanci cikin wani tsibi a bayan rumbu yana tauna. Wata ma'aikaciya ta rugo a guje, ta fizge shi, ta buɗe bakinsa da hannunta. Allah ya taimake mu dusar sha'ir ce. Ita ta fara gaya mini cewa hofs guba ne ga kare, ɗanye ko wanda aka riga aka dafa aka zubar: yana sa zafin jiki ya hau har ya wuce digiri 41, alhali na lafiyayyen kare 38 zuwa 39 ne, kuma yana kisa. Alamominsa haki mai tsanani, rashin natsuwa da amai. Ni da na zo ina tsare shi daga lasar giyar da ta zube a ƙasa, ashe babban haɗarin yana bayan gini. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta taɓa kunnuwansa, lambar asibitin dabbobi na kwana a buɗe a wayata.

Asheville kuwa, birnin Karolina ta Arewa da ya yi suna wajen madafan giya, ta cika sunanta. Madafar Highland Brewing ce ta buɗe fagen a 1994, daga baya manya irin Sierra Nevada da New Belgium suka zo suka kafa nasu a yankin. Abokina, mai son gardama, ya yi ta yi mini bayanin cewa a ma'aunin ƙungiyar Brewers Association ba a kiran madafa "ƙarama mai zaman kanta" sai in abin da take dafawa bai wuce ganga miliyan 6 a shekara ba, kuma babban kamfani bai mallaki kashi 25 cikin 100 nata ba. Ni dai ina gefe da lemon citta ko ruwan shayi mai tsami da suke kira kombuca. Abin da na lura da shi daban ne: da rana, kafin ƙarfe biyar, wuraren nan kamar dandalin unguwa suke, yara da tsofaffi da karnuka. Da dare in makaɗa suka hau, sai Dogo ya cusa kai ƙarƙashin benci, wutsiya a matse, yana hamma yana lasar leɓe. Wannan ba gajiya ba ce, takura ce. Kare mai jure taro ba lallai ne yana jin daɗinsa ba, kuma na yi kwana biyu kafin na yarda cewa nawa jurewa kawai yake yi. Muka mayar da ziyara ta rana, ɗaya tak, bayan ya yi tafiyar ƙasa ya gaji.

Tafiyar ƙasar ma da nata ƙa'idar. A Shenandoah da Parkway ana barin kare a yawancin hanyoyi, in igiyarsa ba ta wuce ƙafa 6 ba. A gandun Great Smoky Mountains kuwa hanyoyi biyu kacal aka yarje masa, ta Gatlinburg da ta bakin kogin Oconaluftee. Ta biyun muka bi a rana ta ƙarshe. Kowace yamma sai na duba jikinsa saboda kaska, bayan kunne da tsakanin yatsu, na ciro huɗu a tafiyar.

Madafa 15 muka rubuta, 7 muka gani. A hanyar dawowa abokina ya ɗauko takardar yana lissafin waɗanda suka kuɓuce masa, ya juya baya ya ce, "Ranka ya daɗe, badi in za mu Vermont, a taimaka a duba mana jadawalin tun da wuri." Dogo bai ko ɗaga kai ba, yana ta minshari a kan rigar sanyina.