Hular da ta daina shiga kaina

Ƙannena, shekara bakwai na yi ina ƙara lambar takalmi ban taɓa tambayar kaina dalili ba, ashe wata cuta ce da ake kira akromegali. Ina ɗan shekara 31 lamba 42 nake sawa, kafin in kai 38 sai 45. Ina aka taɓa jin ƙafar magidanci tana ci gaba da girma? Ranar da zoben azurfata ya maƙale har sai da maƙeri ya yanke shi, dariya muka yi. A majalisa ana cewa "Alhaji, hutu ya karɓe ka", ni ko sai washe baki nake.

Babban kuskurena shi ne rarraba ciwon da na yi, kowane da inda nake kai shi. Ciwon kai, kemis. Zufa, na ce zafin gari ne. Uwargida ta ce minsharina ya yi yawa, har numfashi kan ɗauke mini cikin barci, na ce sharri ne irin nasu. Da sukari da hawan jini suka shigo, magani kawai nake karɓa in wuce. Har jiƙo na sha, don gwaggona ta rantse sammu ne.

Wata likita ce ta dube ni, ta ce in nuna mata tsohon hotona. Na zaro tsohon katin shaida. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Haɓata ta turo gaba, hanci ya baje, ga wushirya, ni da aka haifa ba ni da ita.

Sunan cutar akromegali. Wani likitan Faransa, Pierre Marie, ya raɗa mata shi a 1886. Galibi wani ƙari ne, wanda ba ciwon daji ba, ke fitowa a fitiyutari, 'yar ƙwayar nan mai girman wake da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, sai ta yi ta kwararo sinadarin girma. In yaro cutar ta kama, ya kan yi tsawo fiye da kima. Babba kuwa, tunda tsawo ya tsaya, hannu da ƙafa da fuska ke kauri. Gwajin jini na IGF-1, wani sinadari da ke hawa in sinadarin girma ya yi yawa, da hoton cikin kai na MRI suka tabbatar ita ce ke damuna.

Ta hanci aka yi mini tiyata. Ƙarin da bai kai santimita ɗaya ba, yawanci aikin kaɗai ya wadatar. Nawa ya wuce haka, har ya fara danne jijiyar gani, ina rasa abin da ke gefena a kan babur. Shi ya sa har yau nake karɓar allurar oktiriyotayid, mai rage sinadarin girma, duk wata, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne.

In kun ga zobe ko takalmi ya matse babba, haɗe da ciwon kai da zufa, ku ɗauki tsohon hoto ku nemi likitan sinadaran jiki, ku zayyana masa komai a zama ɗaya. Kumburin hannuna ya sauka, sukarin ya lafa, amma ƙashi ba ya komawa. Tsofaffin hulunana duk na rabar wa ƙannen matata.