Ma'aikatanka Ba 'Yan Wasan Ferguson Ba Ne

Ɗan ƙanwata ya buɗe ƙaramin kamfanin ruwan leda a bara, kuma kwanan nan na biya ta wurinsa da sassafe na tarar ya jera ma'aikatansa a bakin ƙofa yana yi musu jawabi. Yana gaya musu cewa su ƙungiya ɗaya ce kamar ƙungiyar ƙwallon ƙafa, babu wanda ya fi ƙarfin a ajiye shi a benci, wanda kuma ba zai iya ba ga hanya nan. Da ya gama sai ya juyo yana murmushi ya ce, "Kawu, ka ga yadda ake riƙe yara?" Na kasa ba shi amsa, domin direban motar da ke raba ruwan ya riga ya raɗa mini cewa albashin watan jiya bai fito ba, mutumin da ke kula da injin tace ruwa da na liƙe leda kuma ya fara neman aiki a wani wuri. Kalmomin da yaron nan ya faɗa na san su ciki da waje, saboda da irinsu na rusa sana'ata da hannuna.

Na riƙe gidan burodi a shekarun da Manchester United take tashe a hannun Alex Ferguson, kuma ina cikin waɗanda ba sa fashin gidan kallo ranar Asabar da Lahadi. Abin da ya fi burge ni game da mutumin shi ne zafinsa. Ana ba da labarin yadda yake tsare ɗan wasa a ɗakin sauya kaya ya yi masa tsawa ido da ido, mun kuma ga ya sayar da David Beckham a 2003, ya rabu da kyaftin ɗinsa Roy Keane a 2005, amma ƙungiyar ta ci gaba da ɗaukar kofuna. Sai na ɗauka cewa shugabanci ke nan gaba ɗaya, wato kada ka bar kowa ya ji shi wani ne. Na riƙa tara ma'aikata bayan sallar asuba ina yi musu faɗa a gaban juna, na kafa allo a bango ina rubuta sunan wanda ya fi sayar da burodi a mako, wanda ya zo na ƙarshe kuma in yanke masa wani abu daga kuɗinsa.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ban tsaya na lura ba cewa Ferguson ya karɓi ƙungiyar tun a 1986, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba sai a 1990, bai kuma ci gasar Ingila ba sai a 1993, kafin ya tara guda 13 har zuwa lokacin da ya ajiye aiki a 2013. A waɗannan shekarun farko yana ta renon yara ne irin su Ryan Giggs da Paul Scholes da Gary Neville, ya san iyayensu, ya san gidajensu. Ɗan wasan da yake yi wa tsawa yana da kwantiragi a rubuce, kuma kuɗinsa ba ya makara ko an ci su ko sun ci. Idan kuma ya sallami wani, to ya riga ya tanadi magajinsa: a shekarar da Beckham ya tafi Cristiano Ronaldo ya zo ya karɓi lamba 7. Ni kuwa tsawar kaɗai na ɗauko, na bar renon da biyan haƙƙi da tanadin.

A gidan burodin nan akwai wani dattijo mai kwaɓi wanda sunansa bai taɓa hawa allona ba, tun da shi ba ya sayar da ko guda. Cikin dare yake zuwa, kafin mai gashi ya hura tanda. Da hunturu yakan ɗumama ruwan kwaɓi ya kuma ƙara masa lokacin tashi, da bazara ya rage yis don kada ya yi tsami, kuma da ya danna kwaɓi da yatsa ya ga yadda ya dawo, ya san ko ya isa shiga kwano ko da saura. Ba a rubuce yake da wannan ilimi ba, a hannunsa yake. Gwarzona a lokacin wani matashi ne mai baki da ke kai burodi wa masu shayi da masu shaguna, shi nake yabo a gaban kowa, shi na saya wa sabon babur, na kuma ƙara masa kamasho. Wata rana dattijon ya jira sai da kowa ya watse, ya rage murya ya ce, "Alhaji, ɗawainiya ta yi mini yawa, a duba ni." Na amsa masa da cewa babu wanda ya fi ƙarfin gidan nan, masu neman aiki suna nan birjik. Bai ce komai ba, ya cika watansa, ya yi mini sallama.

Ba zan ce ba ni da hujja ko kaɗan ba. Farashin fulawa da sukari yana hawa a lokacin, man janareta yana cinye riba, dilan fulawa yana bina bashi, kuma na ji tsoron in na ƙara wa mutum ɗaya sauran su taso mini. Zafin da nake yi ma ba daga sama ya faɗo ba, domin na sha kama masu fitar da burodi ta bayan katanga, na kuma ga yadda sanyin hali yake sa a raina mai gida. Har yau ina ganin cewa ba don tsaurin nan ba da tun farko an cinye jarin. Amma duk lokacin da na jera waɗannan hujjoji sai babur ɗin ya tsaya mini a rai, saboda kuɗin da na ce babu su ne na samo na saye shi.

Bayan tafiyarsa burodin ya daina zama iri ɗaya. Yau ya yi tsami, gobe ya ƙi tashi, jibi ya riƙa marmashewa a ƙarƙashin wuƙa, mai shayi kuwa ba ya haƙuri da burodin da ba ya yankuwa. Suka fara dawo mini da kaya, matashin nan da duk bakinsa ya kasa sayarwa, daga baya ya koma wani gidan burodin da yawancin kwastomomina. Irin wannan ne ya sami Real Madrid a 2003, lokacin da Claude Makelele, wanda yake tare tsakiyar fili don su Zidane da Figo da Ronaldo na Brazil su sami sararin wasa, ya nemi ƙarin albashi aka hana shi, ya tafi Chelsea. Madrid, wadda ita ce ke riƙe da kofin Sifaniya, ta ƙare ta huɗu a kakar da ta biyo baya, ba ta sake cin gasar ba sai a 2007, Chelsea kuwa ta ci ta Ingila a 2005 da 2006. Na kalli wannan duka a gidan kallo, na zagi shugabannin Madrid tare da jama'a, sannan na aikata irinsa a gidana.

Na so in jero muku shawarwari masu yawa, amma da na auna su kaɗan ne suka tsaya. Ku biya albashi kafin ku buɗe baki da jawabin ƙarfafa gwiwa. 'Yan wasan Najeriya da kansu, waɗanda suke sanye da rigar ƙasarsu a Gasar Kofin Duniya ta 2014, sun ƙi fita atisaye kafin wasansu da Faransa saboda rikicin alawus. Idan kishin ƙasa bai hana mutum neman haƙƙinsa ba, kishin kamfaninka ba zai hana shi ba. Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu shi ne, mutum zai kalli ɗan guntun bidiyon koci yana ihu a wayarsa, ya buga kati ya sa wa kansa suna shugaban kamfani, alhali bai taɓa kwana a gaban inji ba, bai kuma san nawa ne kuɗin motar ma'aikacinsa daga gida zuwa wurin aiki ba.

Ku nemo wanda idan bai zo gobe ba aiki zai tsaya, ku ƙara masa tun bai roƙa ba, kuma kada ku taɓa yi masa faɗa a gaban yaran da yake koya wa aiki. Duk da haka, wanda kuka kama da sata ko yana raina abokan aikinsa ku sallame shi a ranar, ko da shi ne ya fi kowa kawo ciniki. Na san wannan ya yi kama da zafin da na gama kuka da shi, amma ba zan janye ba, domin a nan Ferguson yana da gaskiya, ko da yake shi ma ya amsa daga baya cewa sayar da mai tsaron bayansa Jaap Stam a 2001 kuskure ne.

Sannan kada ku bar sana'arku ta rataya a hannun mutum ɗaya, ko da kuwa kuna kyautata masa, saboda ciwo da tsufa ba sa neman izini. Kocin Najeriya Stephen Keshi ya tafi Gasar Kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 da wasu 'yan wasan gida da mutane da yawa suka raina, ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Ku sa yaro kusa da gwaninku ya koya, ku biya gwanin ladan koyarwar don kada ya ɗauka shirin korarsa ake yi. Matsalar ita ce samun yaron da zai zauna, domin na yau da ya yi wata uku yana ɗaukar buhu sai ya ce ya iya, ya tafi neman jarin buɗe nasa.