Abin da motocin ibrid suka koya mini a gareji

Ƙarshen watan jiya na kwashe akwatin sifanuna daga garejin da na tashi a cikinsa. Masu bugo waya suna tambaya ko faɗa aka yi, ba a yi ba. Mun yi sallama da Maigida lafiya lau, har da addu'a. Sai dai ƙannenmu da na baro can sun ce in bar musu wani abu a rubuce kan motocin nan masu haɗa inji da batir, kuma ba yadda zan rubuta shi ban taɓo maganar Toyota Prius ɗin wani Alhaji da aka kawo mana gyara ba.

Lokacin da na fara aiki, ba kasafai mutum zai shigo da kukan shan mai ba. Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da garinmu Damagaram tun 2011, amma ƴan ruwa-ruwa suna kowace kwana da kwalabensu, man Nijeriya mai tallafi, arha kamar banza. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Nijeriya Tinubu ya ce tallafi ya tafi, farashi ya tashi a can, kwalabe suka ja baya, kowa ya koma gidan mai. A Yuli 2024 an sauko da litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, amma wanda ya kwana a layin mai a Maris 2025 ya san farashi daban, samu daban. Daga nan ne tambayar masu sayen mota a Damagaram ta zama lita nawa take sha a kilomita ɗari. Tsohuwar Corolla bakwai zuwa takwas, babbar Land Cruiser kuwa ba a magana. Prius mai lafiya tana yawo tsakanin huɗu da biyar. Shi ya sa Alhaji ya sa aka kawo masa ɗaya.

Motar ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Toyota ta fitar da Prius a Japan tun 1997, mu ne dai ba ta iso gare mu ba sai da ta tsufa a hannun wasu. Irin ta Alhaji, batirinta babba yana bayan kujerar baya: gunduwa 28 a jere, kowace volt 7.2, jimla ta ɗan haura volt 200. Ba dimara, ba altanato. Injin kan mutu da kansa idan an tsaya, batir ya tayar da motar, idan aka taka birki kuma ƙarfin da kan tafi a zafi ya koma caji. Batirin yana da fankarsa, tana zuƙo iska daga cikin motar ta wata ƴar raga a gefen kujerar baya. Wannan ragar ita ce duk maganar.

Alhaji ya kawo ta cikin zafin Afrilu, jan triyangil ya kama a tablo. Na jona na'urar gwajin da na saya da kuɗina, wadda Maigida ke kira wasan yara, ta ba ni P0A80, wato batirin ya fara gazawa. Na leƙa ragar da tocila. Ƙurar hunturu ta cakuɗe da zaren darduma ta yi kauri, ka sa yatsa ka yayo ta. Na ja Maigida gefe na ce, "Maigida, a ba ni kwana biyu. Fankar ta toshe, batirin yana dahuwa ne. In an buɗe yanzu, gunduwa ɗaya ko biyu kawai za a canza." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake jin ciwon mota da kunne." Ya sa aka cire kan ƙaramin batir na minti kaɗan, jan fitilar ta ɓace, ya canza buji huɗu da ba abin da ya same su, ya karɓi kuɗinsa. Alhaji ya tafi yana sa albarka.

Ba a yi sati biyu ba aka jawo ta da igiya daga hanyar Magarya. Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa mantawa ba. A gaban Alhaji, a gaban yara, a gaban mai shayin da ke bakin ƙofa, Maigida ya nuna ni da baki ya ce wannan abin da na jona ne ya rikita wa motar kwamfuta. Alhaji bai ko dube ni ba, ya ce, "Ai shi ya sa nake cewa kada a bar wa yara mota." Na yi shiru, don ba a tashe mu da musu da babba a gaban baƙo ba. Aka yanke mini jaka arba'in daga kuɗin wata, wai na ɓarna. Na'urar da ba ta iya komai sai karanta abin da motar ta faɗa da bakinta.

Bayan la'asar, da wuri ya watse, shi da kansa ya kira ni ya ce in duba abin da za a iya yi. Na zare fulogin nan mai ruwan lemo da ke yanke wutar babban batir, na jira minti goma, na sa safar hannu ta masu wuta, na kwance batirin na auna gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace gunduwa ɗaki shida ne a ciki, idan ɗaya ya mutu za ka ga ta gaza ƴan'uwanta da kusan volt 1.2. Waɗanda ke tsakiya, inda zafi ya fi taruwa, su suka tafi, yanzu biyar maimakon biyun da na ce. Aka yi saƙon wasu daga Kano, na daidaita cajinsu, na wanke fanka, motar ta tashi. Ranar da Alhaji ya zo ɗauka, ina ƙarƙashin wata Hilux ina jin Maigida yana ba shi labarin yadda ya kwana a kan batirin.

Ba na cewa Maigida bai iya aiki ba. A kan 504 da tsohuwar Hiace, ban ga kamarsa ba a garin nan, kuma kunnen da yake taƙama da shi gaskiya ne. Amma motar da injinta ke kashe kansa a tsaye, me kunne zai ji? Abin da na gane shi ne masu ƙera mota sun daina neman ƙarancin shan mai ta hanyar da muka sani, ta ɗaure kabireta. Sun ƙanƙantar da inji sun sa masa turbo, har da masu silinda uku. Sun koma fesa mai kai tsaye cikin silinda. Sun siranta baƙin mai. Sabuwar Prius da aka fitar ƙarshen 2015, injinta yana mai da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin mai zuwa tafiya, abin da ya yi wa injinan da muka koyi aiki a kansu nisa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage lita, kuma kowane ɗaya yana rage haƙurin motar da ƙura da gurɓataccen mai da gyaran kintace. Garejin da bai yarda da haka ba, masu mota ne za su riƙa biyan kuɗin makarantarsa, in kuma da yaro a kusa, a ɗora masa.

Sauran abubuwan gajeru ne. Waya mai ruwan lemo ba a taɓa ta da hannu tsirara, ko motar a kashe take. Kafin bidanji, wato canjin baƙin mai, ka tabbata tablo ba ya nuna READY, don injin yana iya tashi da kansa kana ƙarƙashi, mai kuma ya tsiyaye. Inda aka rubuta baƙin mai tsinkakke 0W-20 kada ka zuba mai kauri 20W-50 don ka ce garinmu da zafi. Kwamfiresan kilim ɗinta na lantarki ne, yana da mansa na musamman, ND-11; ka sa na sauran motoci, wuta ta fara zurarewa. Inbata, wadda ke sarrafa wutar batir ta tura motar, tana da ruwan sanyinta daban da na inji, mutane da yawa ba su ma san da tankin ba. Masu kashe kilim a bazara don tattalin mai kuma su sani iskar da suke sha ita batirin ke sha.

Wanda ya tambaye ni ko ya sayi ibrid, sai na fara jin inda yake zuwa. Mai zirga-zirga tsakanin Birni da Zango da kasuwar Dole, yana tsayawa yana tashi cikin ƴan kabu-kabu, shi ne zai ga ribar, don a nan birki ke cika batir. Mai tafiyar Yamai, kusan kilomita 900 a miƙe, injin ne zai yi ta ja, ratar ta ragu sosai. Mai shiga ƙauye cikin rairayi ya manta da Prius, cikinta a ƙasa yake. Mai son irin wadda ake jonawa a bango ta yi caji kuwa, ya fara duba yadda wuta ke yi a unguwarsu cikin Afrilu da Mayu. Kuma kafin ya biya dillali, ya bari a karanta lafiyar batirin, a leƙa ƙarƙashi a ga ko katalizar, matatar hayaƙin salansa, tana nan, don na ga da yawa sun iso an riga an yanke ta an liƙa bututu.

Ga yaran kuma, idan ka faɗi abin da ka gani a mota aka ƙi, ɗauki hoton lambar da na'ura ta nuna, da kwanan wata, ka ajiye a wayarka. Ba sai ka nuna wa kowa ba.

Na ji an ce Maigida ya sayi tasa na'urar, babba ma, ta fi tawa tsada. Ƙaramin yaronsa ne ke turo mini lambobin ta WhatsApp da dare, wai shi ne yake son ya koya. Ina ba shi amsa. Jaka arba'in ɗin dai har yau ba wanda ya tayar da maganarsu.