Laraba: ranar da muka kasa kalmomin "ya ce" gida-gida

Daren jiya na raba dare ina duba littattafan 'yan aji shida. Hira na ba su tsakanin uba da ɗansa, na ce su ba da labarinta da Turanci da bakinsu. Kusan kowa "he said" ya jero tun daga sama har ƙasa. Uban ya yi barazana, said. Yaron ya nemi gafara, said. Abin ya tsaya mini a rai, ga jarrabawar WAEC na matsowa.

Da na shiga aji yau da safe ban fara da Turanci ba. Na tambaye su: in uba ya ce wa ɗansa "Kada ka kuskura ka je rafi," yaya za ku ba wani labari? Nan take aji ya ɗauka. Ya hana shi. Ya gargaɗe shi. Wata daga baya ta ce, "Malama, ya ja masa kunne." Ko mutum ɗaya bai tsaya kan "ya ce" ba. Ashe a Hausa sun san aikin sarai, in sun koma Turanci ne suke maƙalewa da kalma guda.

Sai muka raba allo. Gidan umarni ya samu order, command da forbid. Gidan roƙo ya samu beg da request. Na alkawari da barazana muka sa promise, offer da threaten, sannan warn, advise da suggest suka shiga gidan shawara da jan kunne. Waɗannan ba su ci mana lokaci ba.

Inda muka daɗe shi ne gidan laifi: accuse, blame, admit, deny, apologise. Na rubuta jimla biyu a allo. "He claimed that he paid the money." "He admitted that he took the money." Na ce su saurari labarai a rediyo da kyau. In mai karanta labarai ya ce wani "ya yi iƙirarin" abu, yana nuna maka cewa bai tabbatar ba, kuma aikin claim ke nan. Admit kuwa tana nuna mutum ya amsa abin da ba ya son amsawa. Mai ba da labari yana saka ra'ayinsa ta kalmar da ya zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba. Ina son yaran nan su gane haka ko da ba don jarrabawa ba, domin kullum suna karanta zarge-zarge a Facebook.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, tun da advise da suggest gida ɗaya suke, zan iya cewa he suggested me to go?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. A'a, ba a faɗin haka. Ana cewa "he advised me to go", amma "he suggested that I go" ko "he suggested going". Ma'ana ta haɗa su, ginin jimla ya raba su. Haka accuse ke tafiya da of, apologise kuma da for. Shi ma "he said me" da suke yawan rubutawa, daga "ya ce mini" ya samo asali, alhali tell ce ke ɗaukar mutum kai tsaye.

An kaɗa ƙararrawa ba mu taɓa complain da insist ba. Na mayar musu da hirar jiya su sake ta a gida, da sharaɗin said ba za ta wuce sau biyu ba. Yanzu bayan isha'i ina zana jadawali a kwali, kowace kalma da jimlar misalinta a gefe, gobe in manna a bangon aji.