Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Turo Ni Inda Nake

Makon jiya mun tsaya a inda na gama makarantar horon malamai ta Kaocen da ke Tahoua, aka tura ni wani ƙauye cikin Adar a matsayin ɗan kwantaragi. Da aka koma lakwal, wato makarantar boko, a watan Oktoba, na tarar mu biyu ne kacal, ni da dirakta. Ni aka ba ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, a haɗe, yara 74 cikin rumfar zana, wasu kan tabarma, wasu kan buhu.

Dirakta dattijo ne mai tsoron Allah. Ya rubuta wa ofishin da ke kula da makarantunmu wasiƙa har uku yana roƙon a ƙaro mana malami na uku. Shiru kake ji. Ni kuma wata uku ban ga ko dala ta kuɗina ba, da tuwon gidan mai gari nake kwana.

Cikin hunturun Janairu sai ga amsa a ambulan, mai kabu-kabu ya kawo. Dirakta ya tara mu, har da shugaban iyayen yara, ya yi bismilla ya buɗe. An amsa roƙonsa, an turo sabon malami. Ya karanta sunan, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Sunana ne. Shugaban iyayen yara ya miƙo min hannu, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "To Mushe, barka da zuwa, ya hanya?" Muka yi dariya har hawaye.

Washegari na hau motar kasuwa zuwa gari. Ashe ƙauyuka biyu ne masu suna ɗaya, kuma a rajistar ofishin can ɗayan aka rubuta ni. Diraktan can ya daɗe da kai rahoto cewa malaminsa bai zo ba, shi ya sa aka tsayar da kuɗina.

Na ce wa sakatare, "Ranka ya daɗe, ga ni, wata uku ina koyarwa."

Ya ce, "Na gan ka, Mushe, amma dosiye bai gan ka ba."

Dosiye shi ne fayil ɗina na aiki. Sai in kawo sabuwar takardar kama aiki, da tambur, wato kan sarki, a kuma buga mata kashe, wato hatimin ofis. Tambur na samo a ma'aikatar magajin gari. Kashe kuwa yana cikin durowa, makulli na hannun mataimakin ansifekta, shi kuma ya tafi suna Ƙonni. Na kwana gidan kawuna. Ran Alhamis makulli ya dawo, tawadar kashe ta bushe. Masinjan ofishin, wani tsoho da ba zan manta alherinsa ba, ya ɗiga mata ruwan buta, ya hura mata iska da baki, ya danna da hannu biyu. Kashe ya fito dishi-dishi. Saura sa hannu, mai sa hannu kuma yana taro a Yamai, tafiyar sama da kilomita 500. Ran Juma'a aka tashi da rana tsaka.

Har yau in na ba da labarin nan ana dariya, ni ma ina yi. Amma kwana biyar ɗin nan ya yi min ciwo. Dirakta shi kaɗai yake zirga-zirga tsakanin aji da aji, kuma da na koma na tarar yarana shida sun daina zuwa, an mayar da su kiwo da ɗibar ruwa. Gida-gida na bi, huɗu na samu na dawo da su. Akwai wata yarinya da ta fara haɗa baƙi da wasali, ita ban sake ganinta a aji ba.

Ran Litinin ta biyu aka sa hannu. Sakatare ya duba kwanan wata ya ce tunda a takarda Janairu na kama aiki, daga Janairu za a fara lissafa min kuɗi.

Yadda muka kwashe da su kan watanni ukun nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.