Buga riga ba aikin mutum ɗaya ba ne

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Kano ya koma gida da aikinmu a hannu, ko ya sani ko bai sani ba. Jakar da aka raba mai ɗauke da sunan ango da amarya, bajon da ke aljihun rigar makarantar ɗanka, lambar da ke bayan jesin yaran unguwa, hijaban 'yan Islamiyya ranar walimar sauka, duk ta cikin raga suka bi. Mu ne masu sikirin firintin, wato buga zane da fenti ta cikin raga. Yawancinmu ba mu da wani katafaren wuri, ɗan shago ne ko soron gida, daga Fagge zuwa Sabon Gari har lungunan cikin gari.

Kayan aikin ba su da yawa. Firam na katako, wanda kowane kafinta zai haɗa maka, sai raga da za ka ɗaure a jikinsa ta yi tauri kamar fatar kalangu, sai roba mai mariƙi da ake jan fenti da ita, sai gilashi da guntun katifa. Masana sun ce a ƙasar Sin aka fara wannan dabara tun zamanin daular Song, tsakanin shekarar 960 da 1279, kuma daɗewa aka yi ana amfani da siliki. Mu yanzu ragar foliyesta muke saye, ta fi juriya, ta fi araha.

Inda gwaninta take shi ne wajen ƙona zane. Za ka shafe ragar da wani magani mai kauri a ɗaki mai duhu, ka ajiye ta gaban fanka ta bushe. Shi zanen kuwa an riga an buga shi baƙi ƙirin a takarda mai shara-shara. Idan ba a samu irinta ba, farar takarda ma ta yi, a shafa mata man gyaɗa haske ya riƙa ratsa ta. Sai ka ɗora takardar a kan raga, gilashi a sama, katifa a ƙasa, ka danne, ka fita da shi rana. Duk inda rana ta taɓa, maganin ya daskare. Inda baƙin rubutu ya tare, yana nan da laushinsa. Ka shigo da sauri ka watsa ruwa, rubutun ya zube, ya bar ƙofar da fenti zai bi. Masu hali suna da akwatin fitila, amma ina wutar? Mu dai rana ce injinmu, kuma ba agogo muke dubawa ba, sama muke kallo. Ranar Afrilu kafin ka gama amsa gaisuwa ta ƙone maka raga, ruwa ya ƙi fitar da komai. Ranar da hazo ya rufe gari kuwa, idan ka yi gaggawa, zanen gaba ɗaya zai bi ruwa.

Hunturu shi ne abokin gabarmu. Ƙura tana sauka a kan magani tun bai bushe ba, ta bar ƙananan huji waɗanda ba ka ganinsu sai fenti ya ɗiga a farar rigar mutane. Shi ya sa za ka ga ƙaton namiji da kwalbar jan farce a aljihu, da ita muke toshe hujin. Ga fenti yana bushewa a cikin raga da zarar ka tsaya shan ruwa. Damina kuma nata salon daban: ka shanya riguna a igiya, hadari ya taso.

Wannan aiki hannu biyu ba sa isarsa. Ɗaya yana shimfiɗa riga a tebur, ɗaya yana jan roba, ɗaya yana kwashewa ya kai shanya. Idan kala uku ce, raga uku ke nan, kowace sai ta sauka daidai inda 'yar'uwarta ta tsaya, in ba haka ba jan ya hau kan kore. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zaunar da ni ya ce ga darasi ba. Wankin raga na yi ta yi da ɗaukar shanya, har ranar da ya miƙo min roba ya ce, "Kai, zo ka ja, kuma kar ka koma baya sau biyu." Haka kowa a cikinmu ya koya, haka nake koya wa nawa yaran.

Abin da na waje bai cika ganewa ba shi ne yadda muke kishi da juna kuma muke ciyar da juna. Wanda ya karya maka farashi da safe, shi za ka aika wa yaro da yamma: "Oga ya ce a san masa farin fenti, gobe zai mayar." Kuma za a ba shi. Idan babban aiki ya faɗo wa mutum ɗaya, ba ya iya cinye shi, dole ya raba: wannan shago ya buga gaba, wancan ya buga baya, wani ya ɗauki huluna. Ana kwana ana ja, mai shayi yana kawo kofi, rediyo yana ta yi.

Lokacin zaɓe ne kakarmu, kuma a nan ake karyewa. A na 2023 aiki ya zo daidai da canjin kuɗi, lokacin da takardar naira ta yi wuyar gani. Ka je Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai sayen kaya, taransifa ta maƙale, mai kaya ya ce sai ya ga alat. Sannan ga ɗan kwangila mai cewa, "Malam, buga kawai, Alhaji zai sallame ka bayan an ci." Na san shagon da har yau buhunan riguna masu fuskar ɗan takara suke jibge a ciki, ɓera yana kwana a kai. Tun daga nan duk wanda ya zo min da aikin siyasa, kafin alƙalami sai ya rufe kuɗin riga da fenti, ko ɗan'uwana ne. Kuma da zarar wani ya cinye wa ɗayanmu kuɗi, kafin la'asar labarinsa ya zaga shagunan.

Yanzu ga injinan zamani, masu buga hoto a leda a manna da zafi. Ban raina su ba. Mai son riga uku da hoton jaririnsa mai kala goma, can nake tura shi, don ni ƙona raga kaɗai zai cinye ribar. Ƙyallen talla ma filas, ledar nan da inji ke bugawa, ya riga ya ƙwace shi daga hannun masu rubutu da buroshi. Amma kawo min jaka dubu da kala ɗaya ka ga wanda zai riga gamawa, kuma a kan nawa. Sannan fentin da ya shiga cikin zare ya fi abin da aka manna a kai jure wanki da sabulun soda, uwar ɗan firamare ta fi kowa sanin wannan.

Abin da ke damuna da injin bai wuce ɗaya ba: mutum ɗaya da kwamfuta ya ishe shi. Shagon da a da yake ɗaukar yara huɗu, yanzu ko ɗaya ba ya nema. Masu kawo min 'ya'yansu koyon sana'a suna tambaya ko ina da injin, in ce babu, wasu su juya. Waɗanda suka tsaya, wankin raga nake fara ba su. Makon nan muna da hijabai na wata Islamiyya da jakunkunan biki guda biyu, kuma hazo ya fara sauka.