Wasiƙa Daga Ingila: Kafin Ku Aiko Da Jerin Kayan Kwamfutar Gem

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman ƙannenmu na Ringim, Gumel, Haɗejia, Ɗambatta, Bichi, Gaya da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ya gida, ya zafi? A gaida mana iyaye da kyau.

Mu da ke sana'ar haɗa kwamfuta a nan Ingila saƙonninku suna iso mana, kuma kusan duk kamarsu ɗaya: hoton jerin kaya da aka ɗauko a YouTube, katin hoto (mai zana hoton gem) RTX 5090 a sama, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i9 na biye, sai tambayar nawa zai kama. Wani don kansa yake so, wani kuma shagon gem gare shi, yana son ya ƙara kwamfuta a kan PlayStation ɗin da yake da su. Son abu mai kyau ba laifi ba ne. Sai dai wanda ya rubuta wancan jerin yana zaune ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 ba, wutarsa ba ta ƙiftawa, ƙura ba ta san hanyar gidansa ba. Ku kuwa kun san yadda Afrilu yake a ƙarƙashin rufin kwano. Saboda haka lissafinku daga soket ɗin bango zai fara, katin hoto ya zo daga baya.

Ga yadda abin yake. RTX 5090, wanda Nvidia ta fitar a Janairun 2025, shi kaɗai yana jan wat 575. Core i9-14900K yana iya kaiwa wat 253 idan aiki ya yi nauyi. A haɗa da madabod (allon da ake dasa dukkan kayan a kansa), fankoki da monita, an doshi wat 900. Ƙaramin janareta ɗin nan da ake rubuta 950 a jikinsa, ainihin abin da yake bayarwa bai wuce wat 650 ba, ga shi wutarsa hawa da sauka take yi, don haka a cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Sai batun batir. Batir mai ruwa na 12V 200Ah yana ɗaukar yunit 2.4, irin yunit ɗin da mitar KEDCO ke ƙirgawa. Rabi kawai ake ci idan ana son ya yi ƙarko, inbata kuma ta cinye nata kason, abin da zai iso kwamfuta bai fi yunit 1 ba. Na'ura mai jan wat 900 za ta shanye wannan a cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Wasan awa huɗu da dare yana nufin batir huɗu, da fanel ɗin sola da za su cika su washegari. Da yawa daga cikinku ba ku sa wannan kuɗin a lissafi ba, kuma yana iya kamo kuɗin katin kansa.

Shawararmu ita ce a sauko mataki ɗaya. RTX 5070 Ti yana jan wat 300, RX 9070 XT na AMD wat 304, kowannensu yana da giga 16 na ma'ajiyar hoto. Kwamfutar da aka gina a kan ɗayansu, har da monita, tana tsayawa wajen wat 450 zuwa 500 a tsakiyar wasa. Batir biyu sun kai ka awa huɗu ke nan, ko batir litiyom guda na 48V 100Ah, mai ɗaukar kusan yunit 5, wanda ake iya cin mafi yawansa ba tare da ya lalace ba. A kan monita mai 2560 x 1440 waɗannan katunan suna tafiyar da manyan gem na yanzu sumul. Mai ƙarfin aljihu da wadatacciyar sola yana iya hawa RTX 5080 mai wat 360. Abin da ya wuce nan, a ganinmu, sai gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta riƙe ta. Kuma kada a yarda da kati mai giga 8 a na'urar da ake kira babba, sabbin gem suna cika shi, hoto ya riƙa tsinkewa.

Inbatar ma ba kowacce ba. A nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta. Fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, na zamani ba ya jituwa da wutar inbata mai araha. Za ka ji yana tsuwa, ko kwamfuta ta mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. A sa inbatar a yanayin UPS, wato na komawa kan batir nan take, domin fawa saflai ba ya iya riƙe kwamfuta fiye da kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa idan wuta ta yanke. Inda ake kawo wuta rabi-rabi, kwan fitila ya yi ja, a sa sitabilaiza mai ƙarfin 2kVA ko fiye. A kira mai wayarin ya kafa ƙarfen atin a ƙasa, ya tabbata ƙafa ta uku ta soket tana aiki. Jan wutar da kake ji idan ka taɓa jikin akwatin kwamfuta alamar rashinsa ce. Da damina kuwa, hadari na haɗowa a zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai ba ya tare tsawa.

Shi kansa fawa saflai, nan ne aka fi yin ganganci, ana ganin ai akwati ne kawai. Araha ba ta ado. Idan ya ƙone yakan tafi da madabod da kati. Wat 850 ya wadatar ga katin wat 300, a nemi mai tambarin 80 Plus Gold, ƙirar ATX 3.1, daga kamfanin da aka sani irin su Seasonic ko Corsair. Katunan Nvidia na yanzu suna shan wuta ta wata siririyar waya mai baki 16. Tun fitowar RTX 4090 a 2022 aka riƙa samun bakin wayar nan yana narkewa, kuma babban dalilin shi ne rashin tura shi har ƙarshe. A danna har a ji ƙas, a haska tocila a tabbata babu rata ko kaɗan, kuma kada a lanƙwasa wayar dab da bakin. Wayoyin wani fawa saflai ba a sa su a wani, ko da bakin ya shiga, domin jerin wayoyin ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

A ɓangaren furosesa, idan gem ne manufa, Ryzen 7 9800X3D da AMD ta fitar a Nuwamban 2024 shi muke ba da shawara, ko yayansa 7800X3D na 2023 idan an same shi da sauƙi. Sirrinsu ma'ajiyar kusa ce mai mega 96, wadda ke sa furosesa ba ya yawan jiran ram (ma'ajiyar wucin gadi ta aiki), abin da gem ke so ke nan. A wasa da wuya su ja wat 100, ga shi sun sha gaban waɗanda suka ninka su cin wuta. Wanda aka kawo wa Intel na zubi na 13 ko 14 na hannu ya yi hattara: a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu manyan furosesan waɗannan zubin suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wuta, ya fitar da gyara ta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, amma gyaran ba ya dawo da wanda ya riga ya taɓu.

Madabod mai B650 ko B850 ya isa, ba sai an kai ga mafi tsada ba. Ƙusoshin soket ɗin AM5, mazaunin waɗannan furosesan AMD, a jikin madabod suke, sirara ƙwarai, guda ɗaya ya lanƙwashe an shiga uku; a ajiye furosesa a hankali, kusurwa mai alamar zinare ta dace da alamar soket, ba a dannawa. Tsohon B650 yana iya ƙin tashi da 9800X3D sai an sabunta BIOS, shi ya sa ake neman mai maɓallin sabuntawa a baya. Wannan sabuntawar a kan batir ake yin ta. Wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod na iya mutuwa.

Ram giga 32, sanda biyu na 16, DDR5-6000 CL30. A sa su a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, sannan a shiga BIOS a kunna EXPO, saitin da ke ba ram cikakken gudunsa, in ba haka ba a ƙasa da gudun da ka biya zai riƙa tafiya. Ma'ajiya kuwa SSD ta M.2 mai tera 2, tunda gem guda yanzu yana haura giga 100.

Yanzu zafi, wanda shi ne ya fi damunmu game da ku. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, zafin kawai take kwashewa ta zuba wa iskar ɗaki. Idan mai gwaji a Turai ya ce furosesa ya tsaya a digiri 70 a ɗaki mai 22, a ɗakinka mai 40 ka sa ran 88. Iyakar 7800X3D digiri 89 ce, ta 9800X3D 95. Da sun kai nan sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, kai kuma ka ga wasa yana jan ƙafa ka zaci kayan jabu ne. Ƙari a kan haka, duk wat 500 ɗin nan zafi suke zama a cikin ɗakin. A sa silin, a buɗe taga, a bar fankar ɗaki tana juyawa. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: a manhajar MSI Afterburner a sauke iyakar wutar kati zuwa kashi 80. Abin da za a rasa na gudu kaɗan ne, ido ba ya ma kama shi, zafi da cin batir kuwa su ragu sosai.

Mai sanyaya furosesa na ruwa yana da kyan gani, amma ga ƙauye mun fi son na iska mai hasumiya biyu, irin Thermalright Peerless Assassin 120 ko Noctua NH-D15. Na ruwa famfo gare shi, ranar da ya tsaya sai an sayi sabo gaba ɗaya. Na iska ƙarfe ne da fanka, fankar ta mutu ka samu wata a Kano. A duba tsayinsa da faɗin akwati kafin saye, NH-D15 milimita 165 ne. A ɓare ledar da ke manne a ƙasansa, ana yawan mantawa da ita. Man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa gwargwadon ƙwayar wake ya isa, a tsakiya.

Akwati a zaɓi mai raga a gaba da matatar ƙura da ake zarewa, a bar mai gilashi ta ko'ina. Fankoki uku su shigo da iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya. Idan masu shigarwa sun fi yawa, iska fita take yi ta ƙananan ramuka maimakon ta zuƙo ƙura ta cikinsu. A auna tsawon kati, da yawa sun haura santimita 30. Kada a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗora a tebur. Da hunturu a wanke matata duk mako, ta bushe sarai kafin a mayar, a hure cikin akwati da bulowa duk wata, ana riƙe fikafikan fanka da yatsa don kada su yi gudun da zai lalata su. Iskar hunturu busasshiya ce, ita ke sa ka ji tas idan ka taɓa ƙarfe bayan ka cire rigar sanyi. Wannan tas ɗin yana kashe ram da madabod. A taɓa jikin akwati kafin a taɓa kowane kaya, a riƙe su ta gefe.

Monita mai inci 27, 2560 x 1440, mai 165Hz (sabunta hoto sau 165 a daƙiƙa) ko sama. Wayarta a bayan katin hoto ake sa ta, ba a bakin madabod ba, kuma a shiga saitin Windows a ɗaga ta daga 60Hz.

Akwai abin da kuɗin kati ba ya saya. Yawancin gem na intanet uwar garkensu, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, tana Turai, saƙo sai ya je ya dawo, jinkirin daga Najeriya yakan haura milisakan 100. Mai son irin wannan wasan ya fara gwada layinsa tukuna. Starlink ya fara aiki a Najeriya a 2023 kuma yana kaiwa inda sabis ɗin waya ke da rauni, amma shi ma wuta yake ci, a sa shi a lissafin batir.

Mai sayen na hannu, a Titin Beirut ne a Kano ko a Ikeja, kada ya biya sai an kunna a gabansa. A gwada da waɗannan manhajojin: GPU-Z zai nuna ainihin sunan kati da girman ma'ajiyarsa, FurMark na minti 20 zai nuna ko yana zafi fiye da kima ko hoto yana fitar da ɗigo-ɗigo, CrystalDiskInfo kuma zai faɗi awa nawa SSD ta yi tana aiki. Idan daga waje za a aiko, kayan Ingila sun fi sauƙi, wutarmu 230V ce kamar ta gida, fulogin ma iri ɗaya. Na Amurka a karanta bayansa: yawancin fawa saflai suna karɓar 100 zuwa 240V, amma UPS ɗinsu na 120V ne kawai, ana sa shi a soket ɗin gida zai ƙone. Garanti kuma sau da yawa ba ya bin kaya zuwa wata ƙasa, don haka a gwada komai kafin a ɗaure.

Daga tasha zuwa gida, kada a ɗora haɗaɗɗiyar kwamfuta a bayan babur ko a but ɗin mota. Kati mai nauyin kilo ɗaya da rabi yana rataye ne a siririn rami, gargadar hanya guda ta isa ta tsage ramin. A cire kati da mai sanyaya furosesa, kowanne a kwalinsa, a kwantar da akwatin madabod na kallon sama, a haɗa a gida.

Duk wanda zai sake rubuto mana, ya haɗo da ƙarfin inbatarsa, yawan batir da fanel, awa nawa ake samun wuta a garinsu, irin rufin ɗakin, da sunayen gem ɗin da yake son bugawa. Da waɗannan za mu fitar masa da jerin da ya dace da shi.

Wassalam.

'Yan uwanku masu haɗa kwamfuta, daga Ingila.